Tattara Hankali a Wurin Aiki: Me Kimiyya Ta Gano?

Masu iya magana kan ce hankali ke gani, ido gululu ne. Ma'aikaciyar jinya mai auna magani, ko direban babbar mota, ko akawu mai lissafin kuɗi, kowannensu na iya zuba ido ga aikinsa alhali hankalinsa ya yi nisan kiwo, kuma a irin wannan lokaci ne akan tafka kuskuren da ba ya gyaruwa. A shekarar 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi diddigin mutum 2,250 ta wayar hannu, suka gano cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tuntuɓe su, tunaninsu ba ya kan abin da suke yi.

Asalin Horon

A shekarar 1979 ne Jon Kabat-Zinn ya buɗe sashen rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts. Ya samo dabarun ne daga mabiya addinin Buda, amma ya ware su daga ibada, ya mai da su horo na mako takwas. Yadda ake yi shi ne, mutum ya zauna shiru ya lura da shigar numfashinsa da fitarsa. Duk sa'ad da tunani ya ɗebe shi, sai ya ankara, ya komo da hankalinsa ba tare da ya zargi kansa ba. Wannan komowar ita ce ainihin horon, kamar dai yadda maimaita ɗaga nauyi ke ƙarfafa damtse.

Abin da Ke Faruwa a Jiki

Idan aiki ya tsananta, ƙwaƙwalwa kan sa jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol. Zuciya sai ta ƙara bugawa, jini ya hau. Wannan shiri yana da amfani a gaban haɗari, amma in ya ɗore wata da watanni sai ya ɓata barci, ya raunana garkuwar jiki. Numfashi a natse kuwa yana taimaka wa jijiyoyin da ke sassauta bugun zuciya.

A shekarar 2003 Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya buga sakamakon gwajin da aka yi wa ma'aikatan wani kamfani. An horar da 25, aka bar 16 don gwadawa, sa'an nan aka yi wa dukkansu allurar rigakafin mura. Jikin waɗanda aka horar ya fi samar da garkuwa. Bugu da ƙari, a 2009 aka ba da rahoton likitoci 70 na birnin Rochester, waɗanda bayan irin wannan horo gajiyar aiki ta ragu musu, tausayin majinyata ya ƙaru. Wani nazari na 2014 da ya haɗa gwaje-gwaje 47 ya nuna horon yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma daidai gwargwado.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai horon ba maganin kome da kome ba ne. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ta Ingila ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000, bai kuwa ga wata fa'ida a fili ba ga waɗanda suka shiga shirye-shiryen da kamfanoni ke shirya wa ɗaiɗaikun ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta danganta matsananciyar gajiyar aiki ga matsin wurin aiki da ba a shawo kansa ba.

Ke nan nauyin a wuyan ɓangare biyu yake. Ma'aikaci zai amfana in ya riƙa keɓe 'yan mintoci kullum ya natsu, ya kuma gama aiki ɗaya kafin ya kama wani. Shugabanni kuwa, wajibinsu ne su rage lodin aiki, su biya albashi a kan kari, su ba da hutu, domin numfashi kaɗai ba ya sauke wa mutum ɗaya aikin mutum uku.