Layin 'Yan Hatsi a Kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, amma tun daren Laraba gari ke cika. Raƙuma da shanu da tumaki da awaki suna gangarowa daga ƙasar Damagaram ta wajen Magarya da Dungas, tireloli kuma sun yi layi suna jiran lodi zuwa Kudu. Kara ce ta yi wa kasuwar suna, har ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Sai dai mai son sanin halin da gidajen masarautar Gumel ke ciki, layin 'yan hatsi ya kamata ya nufa. A can gero da dawa da wake suke jibge, ga riɗi da zoɓo da manoman Gagarawa da Sule Tankarkar suka kawo a amalanke da bayan babur. Mai awo zai cika kwano ya yi masa tozo, ya juye a buhu yana ƙirgawa da ƙarfi har arba'in. Mai saye kuwa sai ya zura hannu can ƙasan buhu ya damƙo, ya murza ya ga ko akwai yashi, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya gartsa don ya tabbatar sun bushe. A gaban mai awo ɗaya za ka ga ɗan sari da motarsa za ta wuce kasuwar Dawanau ta Kano, da malamin makaranta da ya zo sayen buhu uku na gidansa, da dattijuwar da ke kwance bakin zane tana ƙirga kuɗin kwano ɗaya.

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da abinci ya yi tsada, zargi kan haɗa ɗan sari da malamin makarantar nan a jefa su kwando ɗaya, a ce masu ɓoye abinci ne suka jawo. Ina ganin wannan rashin adalci ne ga magidanci. Wanda ya sayi abincin iyalinsa da kaka ya ajiye bai cuci kowa ba, kuma abin da ya faru a wannan iyaka daga 2019 zuwa yau ya ba shi gaskiya. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda akasarin gidaje, har da na waɗanda suka noma hatsin da hannunsu, ba su da ikon yin wannan tanadi.

Mutanen wannan yanki ba yau suka san yunwa ba. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984 su suka koya wa kakanni cewa rumbu ba ado ba ne. Amma fari yana ba da sanarwa: manomi na kallon sama, yana kallon gona, tun watan Agusta ya san yadda shekara za ta kasance. Abin da ke girgiza Maigatari yanzu kuwa daga ofisoshin Abuja da Yamai yake fitowa, kuma dare ɗaya yake faɗowa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma Kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya faɗa wa garin Maigatari kai tsaye. Sai a Disambar 2020 aka sake buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na ciki tare da Illela da Seme da Mfum.

Shekarar 2023 ta fi kowacce duka. Canjin kuɗin da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya zo ya haɗu da zaɓen 25 ga Fabrairu, takardun naira suka ɓace daga hannun jama'a. Kasuwar da ciniki a cikinta hannu da hannu ne, wadda yawancin masu kawo mata kaya ba su da asusun banki, sai ta koma farashi biyu: na mai tsabar kuɗi da na mai taransifa. Manomi ya karyar da kayansa don ya riƙe takarda a hannu, mai kuɗi a banki kuma ya yini a layin POS ana yankar masa kamasho. Gidan da ke da gero a ɗaka ne kawai bai shiga wannan wulaƙanci ba. Ba a gama farfaɗowa ba sai Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya ninka, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ranar 26 ga Yuli sojojin Nijar ƙarƙashin Janar Tiani suka kifar da Shugaba Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, har ana maganar yaƙi. A yankin da mutum ke da gona a nan, surukai a Dungas, wannan magana ba labarin rediyo ba ce. Sai a Maris 2024 aka buɗe iyakar a hukumance, lokacin kuwa sefa ta yi wa naira nisa, mai riƙe da ita yana ganin hatsin Najeriya da araha, farashi yana ta hawa. A watan Yuni na shekarar, hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jigawa. A Oktoba kuma Nijar ta hana fitar da hatsi daga ƙasarta sai zuwa Mali da Burkina Faso. Magidancin da ya ga duk wannan a cikin shekara biyar, ya ce ba zai bar cin 'ya'yansa a hannun sanarwar gobe ba, ba tsoro ne ya ruɗe shi ba. Lissafi ya yi.

Za a ce, to ai idan kowane mai hali ya kwashi buhu uku, kasuwa za ta bushe, talaka ya rasa. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ta dogara ne da lokacin sayen. Daga Oktoba zuwa Disamba hatsi ya fi masu saye yawa. Manomi na neman kuɗin biyan bashin taki, da na makarantar yara, da na aurar da 'ya, don haka kowa ya fito da kaya lokaci guda, farashi ya faɗi ƙasa. Magidancin da ya zo saye a wannan lokaci gasa yake yi da ɗan sari, kuma gasar tana ɗan ɗaga wa manomi kuɗin kayansa. Bayan haka, idan damina ta tsaya, rumbuna suka yi ƙasa, wannan magidanci ba ya cikin masu turereniya a gaban mai awo, ya rage wa dattijuwar nan abokan takara. Saye na firgici dabam ne. Idan jita-jita ta tashi cewa za a rufe iyaka ko za a sa dokar hana fita, mai kuɗi ya garzayo ya share layi a yini ɗaya, wannan kam cutarwa ce, kuma mai sayen kwano-kwano ce ke biyan kuɗinta da yamma. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance waɗannan biyun. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara, kuma ya tabbata cewa ya yi hani da ɓoye abinci don a tsadantar da shi. Abin da malamai suka fitar shi ne, a lokacin yalwa mutum ya sayi na shekara ba laifi, a lokacin ƙunci kuwa ya taƙaita ga abin da ba zai takura wa jama'a ba.

Ko ɗan sarin ma, a yi masa adalci kaɗan. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu manyan rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, jama'a suka yi ta murna. Akwai azzalumai a harkar, ba shakka. Amma gero sau ɗaya ake girbe shi a shekara, kullum kuma ake cin sa, dole wani ya riƙe shi tsakanin Nuwamba da Agusta. Idan hukuma ba ta riƙe ba, gidaje ba su riƙe ba, ɗan kasuwa ne zai riƙe, kuma shi zai yanka farashi. Yawan gidajen da ke da nasu a ɗaka shi ke rage masa wannan iko.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce ta 2025, shekarar da farashin hatsi ya ruguje bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, damina kuma ta yi kyau a wurare da dama. Masu ajiya da yawa sun tafka asara, gaskiya ne. Amma asarar wanda ya tara don ya sayar ce. Wanda ya tara don ci, abin da ya rasa shi ne ragin da zai samu da ya jira, tuwonsa kuwa bai yanke ba ko dare ɗaya. Haɗarin da ya fi wannan shi ne na ƙwari, musamman a wake, da kuma magungunan da ake zuba masa ba bisa ƙa'ida ba har su zama guba a tukunya. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba muddin an ɗaure shi da kyau, gero kuwa a zangarniyarsa cikin rumbu yana daɗewa lafiya.

Inda abin ke da ciwo shi ne ƙaramin manomi. Ƙasar nan jigawa ce, damina gajera, gonaki suna ta raguwa da rabon gado. Da yawa sun karkata ga riɗi da zoɓo saboda suna kawo kuɗi, wanda hakan ya sa cinsu ya ƙara rataya a kan kasuwa. Ƙaramin manomin nan ne ke sayar da gero a Nuwamba da araha, ya dawo a Yuli ya sayi irinsa da tsada, wani lokaci da kuɗin akuyar matarsa ko da bashin da zai biya da kaka mai zuwa. Ba rashin tunani ba ne, buƙatar kuɗi ce ba ta jira. Maganin wannan yana nan a tsallaken iyaka. Tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin FAO, ƙungiyoyin manoma a Nijar ke ajiye amfanin gonarsu a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi bashi a kan hatsinsa da kaka, ya biya bayan watanni, ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja. Ba kowane wuri tsarin ya yi nasara ba, shekarar da farashi ya ƙi tashi kuma yakan bar manomi da bashi, sannan a nan sai an gina shi ba tare da kuɗin ruwa ba kafin jama'a su amince da shi. Duk da haka ya fi rabon tan 42,000 na hatsi da gwamnatin tarayya ta sanar a Fabrairun 2024 ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da masarauta da ƙungiyar 'yan hatsi ta kasuwar, suna iya fara shi da sito ɗaya a kowace gunduma, a buɗe rajista kafin manoma su fara fito da sabon gero.