Hannun Wa Ke Riƙe da Wuƙar? Ramuwa da Adalci daga Atens zuwa Mashi

Da kaka, idan shanu suka faɗa gonar wake a wani ƙauyen Mashi, hanya biyu ce a gaban mai gona. Ko ya nufi wajen mai unguwa, a kira arɗo, a zagaya gona a ƙiyasta ɓarna, in ta faskara a je gaban dagaci ko hakimi, har kotu. Ko kuma ya saɓa gora ya bi sawun garke. Da yawa daga cikin manyan wasannin kwaikwayon da jaruminsu ke ƙarewa cikin halaka, a kan wannan mararraba aka gina su.

A shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubuci Eskilas ya nuna wa mutanen Atens wasanni uku a jere kan gidan Sarki Agamemnon. Sarki ya yanka 'yarsa don neman sa'ar yaƙi, matarsa ta kashe shi, ɗansu Orestis ya kashe uwar. Kowanensu yana da hujja, kuma hujjar kowa ita ta haifi gawa ta gaba. Ba a samu tsayawa ba sai da aka kafa kotu, masu shari'a suka jefa ƙuri'a, aka yi kunnen doki, aka sallami Orestis. Jini bai gamsu ba, an dai ƙwace wuƙar daga hannun dangi an miƙa wa gari.

Hamlet na Shakespeare, wajejen 1600, bai sami wannan gatan ba. Wanda ya kashe mahaifinsa baffansa ne, ya kuma gaje gadon sarautar Danmak, ya auri uwar Hamlet. Wa zai kai wa ƙara, tun da mai laifi shi ne alƙalin alƙalai? Har nan muna tare da shi. Amma akwai wurin da nake ganin yaron ya tona wa kansa asiri. Ya tarar da baffan a durƙushe yana addu'a, takobi na hannunsa, sai ya fasa, don gudun kada ya kashe shi yana cikin tuba ya sami rahama. Mai neman adalci rai yake so a biya da rai. Hamlet har lahirar mutumin yake so ya ɓata. Daga nan komai ya kwance. Ya soke wani dattijon bafade a bayan labule bisa kuskure, 'yar dattijon ta zautu ta nutse a ruwa, ɗansa ya taso neman tasa fansar. Kafin a tashi wasa mutum takwas sun mutu, har da Hamlet, ƙasa kuma ta faɗa hannun yariman Norwe.

Ɗalibin Hausa a Mashi ko Daura ba sai ya je Danmak ba. Cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Ƙagaggen labari ne, ba wasa ba, amma ƙashin bayansa irin na waɗancan ne. Attajiri Malam Shaihu ya yi wa Abubakar shigar sauri ya auri Zainabu da ƙarfin dukiya. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, ciwon Abubakar babu kotun da za ta saurare shi, domin aure ne aka ɗaura bisa shari'a. Sai ya shiga duniya neman asiri, kuma bai jefi Malam Shaihu kai tsaye ba, ɗan da aka haifa ya nufa. Kyauta, wanda ko cikinsa ba a yi ba lokacin da aka yi laifin, ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, in ji Bahaushe, sai dai a nan zafin kan wanda bai ci ba bai sha ba ya sauka.

Malaman fiƙihu sun daɗe da shata wannan iyaka. Magadan jini suna da zaɓi uku: ƙisasi, diyya ko afuwa. Amma tabbatar da laifi aikin alƙali ne, zartarwa ta hukuma ce, kuma ba a taɓa ɗan mai laifi ko ƙanensa. A Janairun 2002 an rataye wani mutum a gidan yarin Kaduna, bayan kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun soki shari'ar saboda ba shi da lauya, kuma sukar tana da nauyi. Duk da haka, shari'ar da za a iya suka, a tuhumi alƙalinta, ta sha bamban da harin dare, wanda ba ya barin takarda ko shaida.

Kudanci da yammacin Jihar Katsina sun ɗanɗani ɗaya hanyar. An sace shanu, 'yan sa-kai sun far wa rugar da ba ita ta sata ba, 'yan bindiga sun ƙone ƙauye, kowa yana lissafa gawarwakinsa yana mance na wani. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2019 bai ɗore ba, kuma a ganina dalili ɗaya shi ne an yafe jini a madadin waɗanda ba a tambaya ba, alhali afuwa haƙƙin magada ne. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta jiha, da samarin da aka ɗebo daga garuruwan da abin ya shafa. Da wuya a rasa waɗanda suka binne uba ko wa a cikinsu, yanzu kuma ga bindiga an ba su. Abin da ya kamata 'yan majalisar jiha su riƙa tambaya duk wata shi ne, cikin waɗanda rundunar ta kama, nawa ne suka isa gaban alƙali da ransu.