Sanin Inda Garke Yake A Dajin Da Babu Sabis

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa koro shanu daga Ngigmi ko Abalak ya san akwai dajin da waya ba ta kama sabis ko kaɗan. Idan ɓarayi suka tare hanya, ko aka tarar rijiya ta ƙafe, yaya maigida zai san inda yaransa suke?

GPS ɗin da ke cikin waya ba ya buƙatar sabis. Saurare yake yi daga taurarin ɗan'adam, aƙalla 4, ya lissafa inda mutum yake. To amma fa ba ya aika komai. Na daji ya sani, na gida bai sani ba.

Mai aikawa na'ura ce daban, irin su Garmin inReach. Takan harba lambobin wurin zuwa taurarin Iridium guda 66, masu kewaya duniya a nisan kilomita 780. Su yi ta miƙa wa juna saƙon har ya sauka a tashar ƙasa, daga nan ya faɗo wayar maigida a Maigatari ko Mubi.

Sai dai ana biyan kuɗin layi, kuma tana son fili. Ƙarƙashin rufin kwano saƙo kan maƙale.

Sannan a kiyayi doka. A 2013 sojoji sun hana amfani da wayar tauraro ta Thuraya a Jihar Borno. Kafin a ƙetare iyaka da irin wannan kaya, a tambayi hukuma, a riƙe rasit.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, amin.