Tiga da Falgore: Ruwa Ɗaya, Rabo Daban

Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore kafin ya zube a madatsar Tiga, amma ba a cika ambatar wuraren nan biyu a zance ɗaya ba. Tiga wurin shan iska ce. Falgore kuwa, a bakin direbobin hanyar Jos, wuri ne da ake so a wuce tun rana ba ta faɗi ba.

Tiga aikin hannu ce. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina ta a ƙasar Bebeji, aka gama a 1974, domin noman rani da ruwan sha, ga kuma otal ɗin Rock Castle a kan dutse saboda baƙi. Ba don tsuntsaye aka tare ruwan ba, sai ga shi sun mai da wurin gida. Da sassafe za ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gaɓa, kirinjijiya na tashi garke-garke, masunta na fito da ƙarfasa da tarwaɗa daga kwalekwale. Mai zuwa yawon Sallah da abincinsa a kula bai hana su komai ba.

Falgore ce aka keɓe takanas domin namun daji. Gandun daji ne tun zamanin Turawa, daga baya aka mayar da shi mafakar dabbobi, ya shimfiɗu a Tudun Wada da Doguwa har Sumaila. Dajin doka ne da ƙirya da maɗaci, wanda aka sani da gwanki, gada, mugun dawa da gogo. Mai tunanin cewa rashin baƙi hutu ne ga dabba, ya zo nan ya gani. Da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, maharba da masu gawayi ba su ɗauke ba, ɓarayin shanu kuma suka samu maɓoya, har gwamnatin Ganduje ta ba sojoji fili a ciki su riƙa atisaye. Ƙarar bindiga na korar ɓarawo, amma ina shakkar gwanki zai tsaya jin ko ta wane ne.

A ganina, ɗalibin da malaminsa ya kawo ya ga gogo yana ɓare 'ya'yan itace ya fi amfanar dajin a kan allon gargaɗi. Baƙo na biyan kuɗin shiga, yana ɗaukar ɗan ƙauye jagora, mai gadin daji kuma ya san akwai idon da ke kansa. Sai dai a kafa iyaka: mota ta bi turba ɗaya, a bar mashayar dabbobi da rani, kiɗa da biki a kai su Tiga.

A 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Falgore cikin sababbin gandun daji na ƙasa guda 10. Masu noman shinkafa a Kura da Kadawa ya kamata su fi kowa bibiyar maganar, domin duk inda aka sare bishiyoyin Falgore, ƙasar da ruwan sama ya kwashe a cikin Tiga take kwanciya, kuma daga Tiga ake sako musu ruwan rani.