Agogon da Ke Cikin Adakar Kaka

A Limawa, kamar sauran tsofaffin unguwannin Dutse, ba a rasa gidan da aka ajiye adaka ko akwatin ƙarfe mai ɗauke da kayan wani dattijo da ya kwanta dama. Idan aka buɗe, tsakanin carbi da dara da takardun gona, sau da yawa akan tarar da agogon hannu wanda gilashinsa ya dushe, an rubuta Seiko ko Orient ko Citizen ko West End a fuskarsa. Galibin irin waɗannan tsarabar Makka ce. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka wadata, maniyyatan Nijeriya sun yi yawan da ba a taɓa gani ba, har suka haura 100,000 a 1977, kuma da wuya alhaji ya baro Makka ko Jidda bai sayo agogo ba.

Abin da yakan faru shi ne yaro ya ɗauki agogon, ya ga ba ya motsi, ya yanke hukuncin cewa batir ne ya mutu. Daga nan ko dai a bar wa ƙanne su yi wasa da shi, ko a musanya shi da na roba mai ƙyalli. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana a kan dami. Da yawa daga cikin waɗannan agogo ba su da batir, ba su kuma taɓa yin sa ba. Da yaron zai girgiza shi sau goma, ko ya wana ɗan kan da ke gefe, mai yiwuwa ya ga tsinken sakan ya soma tafiya bayan barcin shekara talatin.

Me ke tafiyar da shi?

A cikin agogon akwai wata 'yar ganga da aka naɗe dogon sifirin a cikinta kamar gammo. Wana agogo shi ne ɗaure wannan sifirin, kuma ƙarfin da aka tara yakan ishe shi aiki na kimanin awa 40. Sifirin ɗin yana tura jerin wili masu haƙora, kowanne na juya na gaba da shi, har motsin ya kai ga hannuwan da ke nuna lokaci. To, da za a bar shi haka, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci zai warware duka, hannuwan su yi ta wulwulawa kamar fanka. Saboda haka aka sanya masa mai gadi, wato wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke tare wilin ƙarshe, yana sakin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji idan aka kara agogo a kunne, ita ce ƙarar wannan tarewa da sakin. Thomas Mudge, wani maƙerin agogo na Ingila, shi ya ƙago wannan tsari a wajejen 1755.

Shi kuma mai gadin daga wilin lilo yake karɓar umarni. Wannan wili ba ya zagayawa gaba ɗaya. Yakan juya dama, ya dawo hagu, domin an ɗaure shi da wani sifirin siriri kamar gashi, wanda ke dawo da shi duk lokacin da ya kauce. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ne ya bayyana wannan dabara a 1675. Ɗalibin da ya yi gwajin lilo a darasin fizik zai tuna cewa, ko an ja lilon da ɗan nisa ko kaɗan, kusan lokaci ɗaya yake ɗauka ya je ya dawo. Haka wilin lilo yake, kuma a nan dukkan gaskiyar agogo ta rataya. A yawancin Seiko 5, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1963, wilin yana bugawa sau 6 a sakan, wato sau 21,600 a awa, sau 518,400 a kwana guda. Tunda kwana guda sakan 86,400 ne, agogon da ya yi gaba da sakan 30 a rana ya yi kuskuren kashi ɗaya ne kacal cikin 2,880. Ba kowane ma'auni na ɗakin gwajin makaranta ne zai iya bugun ƙirji da irin wannan ba.

Wanda ake kira otomatik ba wani sihiri ne a cikinsa ba. An ƙara masa wani ƙarfe mai siffar rabin wata wanda ke lilo a bayansa yayin da mai shi ke motsa hannu, shi ne ke wana masa sifirin. Rubutun nan kuwa na “17 jewels” ko “21 jewels” ya sha yaudarar mutane har suka farfasa agogo suna neman dukiya. Yaƙutu ne, amma na masana'anta, wanda Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana hanyar haɗa shi a 1902. Ba shi da wata daraja a kasuwa. Amfaninsa shi ne ƙafafun wili su riƙa juyawa a cikin abu mai tauri da santsi wanda ba ya saurin cinyewa.

Zafi da ƙurar Dutse

Ƙarfe yana jin yanayi. Idan zafi ya ƙaru, siririn sifirin na baƙin ƙarfe yakan yi laushi, wilin ya rage sauri, agogo ya riƙa ja da baya da kimanin sakan 10 a rana a kan kowane digiri ɗaya. A Dutse, inda asubahin hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, tsakar ranar Afrilu kuma ta haura 40, wannan bambanci zai iya wuce minti huɗu a rana. Maganin matsalar ya fito daga Charles Édouard Guillaume, masani ɗan Suwizalan, wanda ya haɗa ƙarfe da nikel ya samar da gaurayen da ake kira Invar a 1896, daga baya kuma Elinvar, wanda taurinsa ba ya canzawa sosai da zafi. A kan wannan aiki aka ba shi lambar Nobel ta fizik a 1920. Agogon alhazan 1970 duk sun ci gajiyar irin wannan gauraye, don haka zafin bazara ba ya razana su.

Abin da zafi ke yi musu shi ne busar da mai. A kowace yaƙutu akwai ɗigon mai da bai kai kan allura ba. Idan ya daɗe yakan daskare, idan kuma ƙurar hunturu ta sami kafa ta shiga, sai ta cakuɗa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Dalili kuwa, yashi da ƙurar wannan yanki cike suke da ma'adinin kwaz, wanda ya fi yawancin ƙarafa tauri. Saboda haka kuskure ne babba a tayar da agogon da ya yi shekaru a ajiye a ci gaba da ɗaura shi ba tare da an kai shi an wanke ba. Zai yi tafiya, amma yana cin kansa ne. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai ɗiga masa man keken ɗinki.

Abin mamaki, wannan kwaz ɗin da ke cin ƙafar agogo shi ne kuma ya ci kasuwarsa. A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da kwaz da aka sayar wa jama'a. Idan aka ba ɗan yankin kwaz lantarki yakan yi rawa, kuma a agogon yau yana rawa sau 32,768 a sakan. Ɗalibin lissafi zai gane wannan adadi: 2 ce aka ninka a kanta sau 15, don haka idan aka yi ta raba shi biyu sau 15 sai a sami bugu ɗaya a sakan. Irin wannan agogo kuskurensa ba ya wuce kimanin sakan 15 a wata. Ma'aikatan masana'antar agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun koma kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Guguwar ta iso har teburin mai gyaran agogo na kasuwannin Arewa, wanda aikinsa ya koma sauya batir da maɗauri, kafin wayar hannu ta zo ta raba mutane da yawa da agogon ma baki ɗaya.

Na soja da na jabu

Duk da haka, a ƙasashe da dama akwai masu tara tsofaffin agogon sifirin, kuma na soja na cikin waɗanda suka fi nema. A 1945 kamfanoni 12, ciki har da Omega da Longines da Cyma da Record, suka ƙera wa rundunar Ingila agogo mai baƙar fuska da fararen lambobi, an buga haruffan W.W.W. a bayansa tare da alamar kan kibiya da ke nuna kayan gwamnati ne. Masu tarawa kan yi burin haɗa duka goma sha biyun, kuma na kamfanin Grana ne ya fi wuyar samu. Sojojin Arewa da yawa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, don haka ba a raina labarin gidan da ya ce agogonsu daga Bama ya zo. Sai dai a yi hattara: ba kowane soja ake ba agogo ba, kuma samfurin W.W.W. ya fito ne dab da ƙarewar yaƙin. Wanda ya riga shi haruffan A.T.P. yake ɗauke da su.

Akwai kuma haɗari na gaske a tattare da waɗannan. Har zuwa shekarun 1960, fentin da ke sa lambobi haske da dare da sinadarin radiyom ake haɗa shi. 'Yan matan da ke shafa shi a wata masana'anta a jihar New Jersey ta Amurka sukan lashi bakin burushi don ya yi tsini, kuma da yawansu ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka ruɓe, har maganar ta kai kotu aka sasanta a 1928. Hasken fentin yakan mutu cikin shekaru, amma radiyom sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Agogon da ya girmi 1960, mai lambobi masu launin ƙasa-ƙasa, kada ɗalibi ya buɗe shi, kada ya kankare fuskarsa, kada kuma a kwana da shi ƙarƙashin matashi. Wanda aka rubuta harafin T kusa da kalmar Swiss a ƙasan fuskarsa tiritiyom ne a jikinsa, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, kuma haɗarinsa bai kama ƙafar na radiyom ba.

Inda ake neman abu, nan jabu ke yawa. Kama da wane ba ta wane. Rolex ɗin da ake tallarsa a tire a tashar mota ba ya buƙatar dogon bincike, farashinsa ya isa shaida. Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne agogon da aka harhaɗa: injin wani, gidan wani, fuska kuma sabon fenti. Tsinken sakan yana taimakawa a matakin farko, domin na batir tsalle ɗaya yake yi a sakan, na sifirin kuwa sau biyar ko shida ko takwas, har ya zama kamar yana sulalewa. Amma wannan bai isa ba, tunda akwai jabu masu injin sifirin mai araha. Sai mai gyara ya buɗe bayan, a ga ko sunan da ke kan injin ya dace da na fuska. A Seiko, lambobi huɗu na farko da ke bayan gida, kamar 7009 ko 6309, su ne sunan injin, kuma dole a same su a jikin injin da kuma can ƙasan fuska da ƙananan haruffa.

Awo da littafi da biro

Suna da tarihi ba su faɗin yadda agogo ke aiki. Wannan sai awo, kuma aiki ne da ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare za ta iya yi da agogo uku ko huɗu da aka aro daga gida, muddin ba masu radiyom ba ne. A Suwizalan, hukumar COSC da aka kafa a 1973 takan gwada inji na kwana 15, a kwanciya iri biyar da yanayin zafi iri uku, kuma ba ta ba shi shaida sai matsakaicin kuskurensa bai wuce ja baya na sakan 4 ko gaba na sakan 6 a rana ba. Ɗalibai za su iya kwaikwayon wannan daidai ƙarfinsu. A wana kowane agogo a lokaci guda kullum, a kwatanta shi da lokacin wayar hannu, a rubuta bambancin. Kwana biyu a kwantar da shi fuska sama, kwana biyu fuska ƙasa, kwana biyu a gefe, domin nauyi yana jan wilin lilo daban-daban a kowace kwanciya.

Wurin karanta sakamakon ne ake yawan yin tuntuɓe. Agogon da ke yin gaba da sakan 40 kowace rana, ba ƙari ba ragi, ya fi wanda yau ya yi gaba da 10, gobe ya ja baya da 15, ko da yake na biyun ya fi kusa da daidai a ƙarshen mako. Na farko lafiyarsa lau. Mai gyara zai ɗan matsar da wani tsinke da ke tsakanin alamar + da − ya daidaita shi. Na biyu kuwa akwai datti ko cinyewa a cikinsa. Idan agogo ya riƙa gudu da mintuna a rana, galibi maganaɗisu ne ya kama siririn sifirin har zagayensa suka manne da juna, abin da ajiye shi a kan rediyo ko kusa da lasifikar waya kan jawo. A kusanto da shi ga kamfas: in allurar ta bi shi, an gano cutar.

Wani ɗalibin zai so ya gwada agogon da rana, kamar yadda malamai suka daɗe suna gane zawali da inuwa. Zai kafa sanda a farfajiyar makaranta, ya ga inuwa ba ta kai ƙarshen gajartarta da ƙarfe 12 ba, ya zargi agogon kakansa. Agogon ba shi da laifi. An ɗora lokacin Nijeriya ne a kan layin digiri 15 gabas, Dutse kuwa tana kusa da digiri 9 da sulusi, kuma kowane digiri minti huɗu ne. Saboda haka tsakar rana a Limawa takan makara da kimanin minti 23. Bugu da ƙari, ita kanta rana ba ta tafiya daidai duk shekara: a farkon Nuwamba inuwar za ta fi gajarta wajen 12:06, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai wajen 12:37.