Ƙofofin da Ke Jikin Ƙwayoyin Jininmu

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motar Utako a Abuja da sassafe ya san kiran 'yan kamasho. Wannan na kiran Kano, wancan na kiran Jos, amma duk hayaniyar nan kowane fasinja sunan garinsu yake tsinta ya nufi motarsa. To, irin wannan kiran ake yi a cikin jikinmu dare da rana.

Idan ƙaya ta soke ka, wurin yakan saki wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira kemokin, waɗanda sun kai iri hamsin ko kusa da haka. Aikinsu kiran fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su garzayo inda ɓarna ta auku. Abin da ke karɓar kiran wani furotin ne da ke dashe a fatar ƙwayar, ya ratsa ta sau bakwai kamar zaren ɗinki. Shi ake ce wa makarɓin kemokin, kuma ɗan Adam yana da wajen iri ashirin.

Sai dai ƙofar da aka yi don mutanen gida, ta nan ɓarawo ke shiga. A 1996 masana suka gano cewa ƙwayar cutar ƙanjamau tana kama wani makarɓi mai suna CCR5 kafin ta kutsa cikin ƙwayar jini. Suka kuma lura cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na Turawan arewacin Turai an haife su ba su da wannan ƙofa, don haka da wuya cutar ta kama su. A 2007 likitoci a Balin suka yi wa Timothy Ray Brown, mai fama da sankarar jini da ƙanjamau, dashen ƙwayoyin ɓargo daga irin waɗannan mutane, ya rabu da cutar. Dashen yana da haɗari ƙwarai, ba magani ba ne na kowa da kowa. Amma a shekarar aka amince da maganin maraviroc, wanda ke toshe ƙofar.

Mu ma muna da namu labarin. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani makarɓi da ake kira Dafi, wanda aka gano a 1950 aka sa masa sunan majinyacin da gwajin jininsa ya kai ga gano shi. Ta nan ne vivax, wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ya addabi Indiya da Kudancin Amurka, ke shiga. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, kuma a 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan rashin ne ke kare su. Wani hani ga Allah baiwa ne. Kada dai a saki jiki, domin nau'in falciparum, wanda shi ke kwantar da yaranmu kowace damina, ta wasu ƙofofin yake bi. Gidan sauro na nan daram.

Yaya masana ke nazarin abin da ido ba ya gani? Ba za a iya tatso isasshen makarɓi daga jinin mutum ba, sai a ƙera shi. Akan ɗauko umarnin gadon da ke tsara furotin ɗin, a cusa shi cikin bakteriya ko yis ko ƙwayoyin ƙwari da ake reno a kwalba, su yi ta haɗa shi kamar ma'aikatan masaƙa. Sannan a tace, a daskarar, a aika ɗakunan bincike. Da wannan dabara ake yin insulin na masu ciwon suga tun 1982, da rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu. Makarɓin kemokin ya fi waɗannan gardama, don da zarar an raba shi da fatar ƙwaya sai ya lalace. Shi ya sa sai a 2013 aka ga cikakkiyar surar CCR5. Da irin wannan kwafi ake gwada dubban sinadarai a ga wanda zai dace da ƙofar. Kayan bincike ne zalla, ba a sha, ba a allura da shi. Wanda ya tallata maka shi a matsayin magani, damfara ce.

Me ya shafe mu? Masu rashin Dafi sukan nuna ƙarancin wani rukuni na fararen ƙwayoyi a gwajin jini, alhali lafiyarsu ƙalau. Ma'aunin ne aka gina a kan jinin wasu. An kuma fara samun vivax a jikin marasa Dafi a Madagaska da Habasha da Mali, alamar cewa ɓarawon ya samo taga. Abuja tana da wuraren da suka dace da irin wannan bincike: cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta IHVN da aka kafa a 2004, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, da babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Gaduwa. Abin da suke bukata shi ne kuɗi, da wutar da ba ta yankewa don kada abin da aka daskarar ya narke, da matasa masu haƙurin zaman ɗakin gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙofofin nan a jikinmu suke.