L.A. Confidential: Fim ɗin da Ya Leƙa Ƙarƙashin Kakin Ɗan Sanda

A daren Kirsimeti na shekarar 1951, 'yan sandan birnin Los Angeles kimanin 50, da yawansu a buge bayan walimar ofis, suka far wa wasu samari bakwai da ke tsare, biyar daga ciki 'yan asalin Meziko, suka yi musu dukan kawo wuƙa. Jita-jita ce ta ingiza su, wai yaran sun tsiyaye wa wani ɗan sanda ido, alhali babu idon da ya tsiyaye. Rundunar, ƙarƙashin shugabanta William Parker, ta so a bar maganar ta bi iska, amma al'ummar da aka taɓa wa 'ya'ya ta ƙi yin shiru. Daga ƙarshe aka gurfanar da 'yan sanda takwas, kotu ta kama biyar da laifi. Ana kiran wannan dare Kirsimetin Jini.

Ta wannan ƙofa ake shiga L.A. Confidential, fim ɗin da Curtis Hanson ya ba da umarni a 1997, wanda shi da Brian Helgeland suka tato daga littafin James Ellroy na 1990. Ellroy ba baƙon ta'asar birnin ba ne. Yana ɗan shekara goma aka kashe mahaifiyarsa a 1958, kuma har yau ba a kama wanda ya kashe ta ba. Littafinsa dogo ne mai rassa, ya ratsa shekaru da dama, jama'a jingim. Hanson da Helgeland suka sassabe shi, suka bar 'yan sanda uku da kisa ɗaya, a cikin minti 138.

Irin wannan fim ana ce masa nuwa, kalmar Faransanci mai nufin baƙi. Masu sharhin fim na Faransa, irin su Nino Frank, suka raɗa sunan a 1946, lokacin da finafinan Amurka da yaƙi ya tare suka iso Faris a jere, irin The Maltese Falcon da Double Indemnity: dare, inuwa, hayaƙin taba, mace mai hatsari, da jarumin da shi ma hannunsa ba a wanke yake ba. Hanson ya riƙe zuciyar salon, ya ajiye rigarsa. Shi da mai ɗaukar hotonsa, Dante Spinotti ɗan Italiya, suka fito da labarin fili, cikin hasken rana da launi, gidaje tsaf-tsaf da ciyawa shar a ƙofa. Akwai wurin da ake zaƙulo ruɓaɓɓiyar gawa daga ƙarƙashin gidan wata tsohuwa da rana tsaka, a unguwar da ba wanda zai yi wa kallo na biyu. Abin ya fi tayar da tsigar jiki a haka.

'Yan sandan uku ba wanda za a nuna a ce shi ne na kirki. Bud White, wanda Russell Crowe ya fito a matsayinsa, ƙarfi ne jarinsa. Tun yana yaro ya ga ubansa ya kashe uwarsa da duka, don haka duk namijin da ya ɗaga wa mace hannu ya shiga uku da shi, kuma manyansa sun gane wannan rauni, suna sakin sa kan wanda suka ga dama. Ed Exley na Guy Pearce mai tabarau ne, mai bin doka ƙa'ida-ƙa'ida, sai dai gaskiyar tasa tana tafe da lissafi: ya yarda ya ba da shaida kan abokan aikinsa bayan dukan Kirsimeti, amma sai da ya tabbatar za a ƙara masa girma. Jack Vincennes na Kevin Spacey kuwa ɗan gaye ne. Yana ba wani shirin talabijin na 'yan sanda shawara, yana kuma karɓar na goro daga Sid Hudgens, mai mujallar tonon silili, don ya kama taurarin fim da wiwi a gaban kyamara.

Sai aka wayi gari an bindige mutum shida a wani gidan shan gahawa mai suna Nite Owl, cikinsu har da korarren abokin aikin White. Nan da nan aka ɗora laifin kan wasu samari baƙar fata uku.

Wurin yi musu tambayoyi shi ne gwanintar fim ɗin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An raba samarin ɗaki uku. Exley yana shiga yana fita, muryarsa a kwance, yatsansa a kan wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin tebur. Idan ɗaya ya faɗi kalmar da za ta yi kama da cin amana, sai ya danna, muryar ta fita a ɗakin ɗayan. Sauran 'yan sanda suna bayan gilashi suna kallo, raini yana komawa sha'awa. A tsakiyar haka sai zance ya juya: yaran suna da babban laifi, sun sace wata yarinya sun ci zarafinta, amma ba kisan Nite Owl suke amsawa ba. White yana tsaye a waje, hannayensa a kan makarin kujerar katako, yana matsa shi har ya karye. Ya kutsa ɗakin, ya cusa wa ɗaya bakin bindiga, ya samo adireshi. Da ya isa gidan, ya tarar da wani mutum zaune gaban talabijin yana cin abinci, babu makami a hannunsa. Ya harbe shi, ya ɗauko wata bindiga ya harba a jikin ƙofa, ya danƙa ta a hannun gawar.

Mai kallo yakan ji sanyi a ransa a wannan lokaci, domin an ceci yarinyar, kuma mutumin mugu ne. A nan fim ɗin yake kama shi. Hanyar da ta ceci yarinyar ita ce dai hanyar da za a bi a rufe bakin samarin uku har abada a kan kisan da ba su yi ba, a kuma maƙala wa Exley lambar yabo. Wanda ya tafa wa ta farko sai ya rasa bakin sukar ta biyu.

Mai neman ya kalli fim ɗin ba tare da an ɓata masa daɗi ba, to ya dakata a nan.

Wanda ya saba da finafinan Indiya ya san yadda lalataccen sufeto yake: tumbi, gashin baki, muguwar dariya, tun fitowar farko an gane shi. Kyaftin Dudley Smith ba haka yake ba. James Cromwell ne ya fito a matsayinsa, mutumin da shekara biyu kafin nan duniya ta san shi a matsayin manomi mai tausayi a fim ɗin Babe. Dogo, mai taushin murya, yana yi wa yaransa magana kamar uba. Tun farko ya yi wa Exley tambayoyi uku: ko zai iya dasa wa wanda ya san mai laifi ne shaidar ƙarya, ko zai iya dukan mutum har ya amsa laifi, ko zai iya harbin gawurtaccen ɗan ta'adda ta baya. Exley ya ce a'a, Smith ya ba shi shawara cikin lumana ya nemi wani sashe. Gaskiyar tarihi ce an ɗaure babban ɗan daban birnin, Mickey Cohen, a 1951 kan ƙin biyan haraji. A cikin labarin, Smith ne ya ga gurbin da Cohen ya bari, ya ƙudura cike shi da kansa, da motocin hukuma da bindigogin hukuma.

Vincennes, wanda mutuwar wani matashin ɗan wasa da ya taimaka aka ɗana wa tarko ta farkar da shi, ya je gidan Smith da dare don ya faɗa masa abin da ya gano. A ɗakin girki, ana cikin hira, Smith ya juyo ya harbe shi a ƙirji. Kafin ransa ya fita ya ambaci suna ɗaya, Rollo Tomasi. Babu mai wannan suna. Exley ne ya ƙirƙire shi tun da daɗewa don ya riƙa kiran wanda ya kashe mahaifinsa ya tsere, kuma Vincennes kaɗai ya taɓa faɗa wa. Kashegari Smith ya ja Exley gefe ya tambaye shi ko ya san wani Rollo Tomasi. Kyamara ta tsaya a fuskar Guy Pearce, ba abin da ya motsa sai ɗan muƙamuƙi. Wannan dabara babu ita a littafin Ellroy, marubutan fim ɗin ne suka ƙago ta, kuma ita kaɗai ta ɗauke nauyin shafuka masu yawa.

Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da tsaransa shi ne bai tsaya kan ɓata-garin ba, ya nuna masu shafa wa rundunar hoda. Shirin talabijin da Vincennes yake yi wa aiki kwaikwayon Dragnet ne na Jack Webb, wanda rundunar Los Angeles ta gaskiya ta ba haɗin kai, ya sayar wa Amurkawa hoton ɗan sanda mai tsabta. Mujallar Hudgens kuma kwafin Confidential ce, wadda ta fara fita a 1952. Saboda haka da Exley ya harbi Smith ta baya a otal ɗin Victory, wato ya aikata abin da ya rantse ba zai yi ba, ya kuma zayyana wa manyansa komai, sai suka zauna suka yanke cewa Smith ya mutu gwarzo wajen yaƙar 'yan daba. Exley bai ƙi ba. Ya nemi nasa kason, aka ba shi lamba ta biyu.

Akwai inda fim ɗin ya gaza. Baƙar fata da 'yan Meziko, waɗanda su ne suka sha wuyar wannan runduna, ba a ba su murya sosai ba, ana ganin su ne ta idon 'yan sanda farar fata. Lynn Bracken, karuwar da ake yi wa kwalliya ta yi kama da tauraruwa Veronica Lake, Kim Basinger ta zuba mata rai har ta ci kyautar Oscar, amma rubutun bai ba ta abin yi ba sai jinyar zuciyar maza. Kuma ba fim ne na kallo da yara ba.

An zaɓe shi a rukuni tara na Oscar, ya samu biyu, na Basinger da na rubutun labari, domin shekarar Titanic ce, wanda ya kwashe 11. A 2015 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Mutanen Los Angeles da suka shiga silima a 1997 ba tatsuniya suka je kallo ba. Shekara shida kafin nan sun ga bidiyon dukan Rodney King, suka kuma ga birninsu ya ci wuta a 1992 bayan an wanke 'yan sandan da suka doke shi. Wani abin kuma a lokacin yana nan a rufe. A 1996 'yan sanda biyu na sashen Rampart, Rafael Pérez da Nino Durden, sun harbi wani saurayi, Javier Ovando, ba ya ɗauke da makami, suka ajiye masa bindiga, suka rantse a kotu cewa shi ya kawo musu hari. Ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, aka kuma yanke masa shekara 23. Lokacin da ake nuna Bud White yana danƙa wa gawa bindiga a majigi, Ovando yana gidan yari a keken guragu. Sai a 1999, da Pérez, wanda aka kama da satar hodar iblis daga ɗakin ajiyar shaida, ya fara tona asiri don neman sassauci, aka saki Ovando. Hukunce-hukunce sama da 100 aka soke a sanadin wannan badaƙala, birnin kuma ya biya Ovando diyyar dala miliyan 15.